Zinariyar Baitul Muƙaddas da Taɓon Masallacin Madina

Darasinmu na yau yana cikin tarihin Bani Isra'ila, domin mai hankali yakan wa'aztu da abin da ya sami waninsa.

Annabi Sulaimanu (AS) ya gina ɗakin ibada a Ƙudus, aka ƙawata shi da zinariya da katakon Lebanon. Da zamani ya yi nisa, sai mutane suka dogara ga ginin, suka yi sakaci da Mai ginin. Littattafan Yahudawa da kansu sun ruwaito cewa Irmiya, ɗaya daga cikin annabawansu, ya tsaya a ƙofar ɗakin yana yi musu gargaɗi cewa gini ba ya kare mai zaluntar maraya da baƙo da matar da mijinta ya rasu. Ba su ji ba. A shekara ta 586 kafin Miladiyya Bukhtanassar sarkin Babila ya rushe shi.

Aka sake ginawa, daga baya sarki Hirudus ya ƙara masa girma da ado. A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa ƙarƙashin Titus suka ƙone shi, suka kwashi fitilar zinariya mai rassa bakwai zuwa Roma. Malaman Talmud suka ce ƙiyayya marar dalili a tsakaninsu ce ta jawo wannan. Malaminsu Yohanan ɗan Zakkai kuwa ya lallashi almajirinsa mai baƙin ciki a kan kufan, ya ce masa ayyukan jinƙai suna kankare zunubi kamar yadda hadaya take yi. Farkon Suratul Isra'i ma ya ambaci ɓarna biyu da uƙuba biyu.

Masallacin Manzon Allah (SAW) kuwa, da tubalin ƙasa da kututturen dabino aka yi shi. Abu Sa'idil Khudri ya ga taɓo a goshinsa mai albarka bayan ruwa ya zubo ta rufin, cikin goman ƙarshe na Ramadan. A nan jihar Tawa ma, mutanen Yama sun haɗa hannu da magini Falke Barmu a 1962 suka tada masallacin ƙasa, har ya sami kyautar Aga Khan a 1986.

Yau ƴan cin-ranin Adar suna aiko kuɗi daga Abijan a gina masallatai, Allah Ya saka musu. Amma mu mutanen Takanamat da kewaye mu tambayi kanmu: sahu nawa ke cika da asuba? Wane ne ke kwana da yunwa a bayan katangar masallacinmu? Kafin a ƙara hasumiya, a duba rumbun maƙwabci.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya raya masallatanmu da taƙawa. Amin.