Leburan Sharaɗa da Tambayar Haihuwa

A 1986, lokacin da Najeriya ta sanar da samun mai cutar ƙanjamau na farko, masaƙu da majemun Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano cike suke da 'yan ci-rani, da yawansu sun baro iyali a ƙauye. Abin da aka sani a lokacin kaɗan ne: cutar na bin jini da saduwa, kuma ba ta da magani. Wanda gwaji ya kama, hukunci biyu ya hau kansa, na mutuwa da na rashin baya.

Na biyun ne ya fara warwarewa. Maniyyi ba abu guda ba ne. Akwai ruwan, akwai fararen ƙwayoyin jini da ke yawo a cikinsa, sannan ga ƙwayoyin haihuwa. HIV, ƙwayar cutar ƙanjamau, na buƙatar wata kafa mai suna CD4 kafin ta shiga ƙwayar halitta, fararen nan kuwa su ke da ita. A ruwan da fararen cutar ta fi zama. Da wannan ilimin likita Augusto Semprini na Milan ya riƙa tace maniyyi yana ware ƙwayoyin haihuwa, ya wallafa sakamako a 1992: mata sun ɗauki ciki ba su kamu ba. Amma ina leburan majema, ina kuɗin wannan aiki?

A 2009 masana a Ajantina suka ƙara gyara fahimtar, suka nuna cutar na iya liƙewa a bayan ƙwayar haihuwa har ta miƙa ta ga ƙwayoyin garkuwar jiki.

Abin da ya kai ga talaka shi ne maganin sha. Tun 2006 ake ba da shi kyauta a Najeriya, har da Asibitin Malam Aminu Kano. Binciken HPTN 052 na 2011 ya gano fara shansa da wuri na rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari, nazarin da ya biyo baya kuma ya tabbatar wanda cutar ta kwanta a jininsa har awo ba ya ganinta ba ya harbar matarsa.

A 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwaji kafin aure. Ina goyon bayanta, amma takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba. Dole a zaunar da waliyyai a yi musu wannan bayanin, domin har yau ana fasa aure da ilimin 1986.