Faƙo, Rabin Wata da Allo: Hujjar Koyarwa ta Hanyar Aiki Guda a Makarantun Firamaren Adar

Jadawalin makarantar firamare a Nijar yanka-yanka yake. Da safe Faransanci, sai lissafi, bayan hutu kimiyya ko tarihi ko labarin ƙasa, kowane darasi da mintocinsa da littafinsa. Yaron Kaita ko na Kalfu yakan koyi faɗin da'ira ranar Litinin, ya ji labarin zaizayar ƙasa ranar Alhamis, ba tare da an nuna masa cewa ramin rabin wata na tare ruwa da uwarsa ta taɓa haƙawa a kan tudu ya haɗa darussan biyu a wuri ɗaya ba. Wannan maƙala tana kafa hujja cewa makarantun birnin Tawa da na arewacin Adar suna da dalili mai ƙarfi na ɗaukar aiki guda na haƙiƙa, su rataya masa darussa da yawa na tsawon makonni. Sai dai hujjar tana da sharaɗi: ma'aunin nasarar aikin shi ne abin da yaro ya iya karantawa da rubutawa da lissafawa a ƙarshensa.

Tunanin ba sabo ba ne. John Dewey ya gwada shi a makarantar da ya buɗe a Chicago a 1896, William Kilpatrick kuma ya tsara shi a rubuce a 1918. A Faransa, Célestin Freinet ya sa yaran ƙauye suna rubuta labaransu suna bugawa da hannunsu. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai a 1967. Kafin shi ma, ɗan Nijar Abdou Moumouni ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bari a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, saboda ta raba yaro da harshensa da rayuwar gidansu. Nijar ta yi nata yunƙurin: ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta sa darasin ayyukan hannu da samar da amfani, wanda malamai ke kira APP, cikin manhajar firamare, sannan dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Saboda haka mai ba da wannan shawara ba baƙon abu ya kawo ba. Abin da ya rage shi ne a duba me ya sa yunƙurin baya bai yi jijiya ba, da kuma abin da Adar ke da shi da zai sa a dace a wannan karo.

Abu na farko da Adar ke da shi shi ne tarihin gyaran ƙasa da ya shahara har wajen Nijar. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iska. Bayan farin 1984, shirin raya karkara na Kaita ya kankama da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumomin FAO da PAM. An jera duwatsu a kan tuddai, an haƙa ramukan tare ruwa, an gina madatsai a ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin, domin da rani maza sun tafi bida Abijan ko Najeriya ko Libiya. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, ƙananan ramukan da ake zuba wa taki a shuka hatsi a ciki. Dabarar ta bazu a yankin Badagishiri har mutane suka riƙa sayen faƙon da a da ba mai kallonsa. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka suna nan da ransu, kakanni da iyayen yaran da ke zaune a aji ne.

A ɗauki ajin CM1, wato aji biyar, na wata makarantar ƙauye da aka ba ta ɗan faƙo a bayan gari. Tambayar da za a ɗora wa yaran guda ce: yaya za a yi wannan fili ya riƙe ruwa? Kafin a taɓa diga, sai an auna filin da igiya mai ƙulli a kowace mita, a zana taswirarsa a takarda da ma'auni, a gano inda gangaren ya nufa. Nan labarin ƙasa ya shigo. Rabin wata mai faɗin mita 4 yana da fili na murabba'in mita 6.28, kuma yaron da ya zana shi a ƙasa da turke da igiya ya riga ya san abin da ake nufi da tsakiyar da'ira kafin malam ya rubuta ƙa'idar a allo. Nawa ne za su shiga filin idan an bar tazara tsakaninsu? Rabawa ke nan. Me ya sa ruwa ke gudu a kan faƙo amma ya nutse a jigawa? Gwangwani biyu masu huji da kofin ruwa sun isa gwajin kimiyya. Sannan a tura yara uku-uku su tambayi wata tsohuwa da ta yi aikin tudu a zamanin shirin Kaita: wace shekara, da wane kayan aiki, me ake biyansu? Su rubuta amsar da Hausa, su karanta wa aji, su gyara, su taƙaita ta da Faransanci. Tarihi da rubutu da magana a gaban jama'a sun haɗu a darasi ɗaya.

Lissafin ruwa ya fi kowane jan hankali a ƙasar da damina ke ba da milimita 300 zuwa 400 a yawancin shekaru. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, idan aka samu milimita 350, ya zubar da lita 22,050 a shekara, wato jarka 882 mai cin lita 25. Yarinyar da ke ɗauko jarka biyu daga rijiya kowace safiya ba ta buƙatar a yi mata bayanin girman wannan adadi.

A cikin birnin Tawa, inda filin makaranta ba shi da yawa, kasuwa ce za ta maye gurbin faƙo. Albasar Galmi da ta kwarin Tarka da Majiya tana arha lokacin cira, ta yi tsada bayan 'yan watanni, kuma ajin da ya rubuta farashin buhu kowane mako daga Fabrairu zuwa Yuni ya samu jadawali da zanen da ke nuna hawa da sauka, ya samu tambayar dalilin da ya sa manomi ke ajiye albasa a rudu duk da asarar ruɓewa. Akwai ma wata fasaha da yaran ke zuwa da ita daga gida, makaranta ba ta cika lura da ita ba. A kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, a littafi kuwa da faran. Yaron da aka ce masa dala ɗari da hamsin ya san 750 ake nufi, ya ninka da biyar a kansa ba tare da alli ba. Malamin da ya fara daga nan ya gina a kan abin da ke tsaye. A Tabalak, tabki da kifinsa da tsuntsayen da ke sauka a bakinsa su ne littafin, tunda an sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. A Abalak da Cintabaraden kuwa zurfin rijiya da tsawon igiyar guga da yawan ruwan da garke ke sha su ne abin aunawa, kuma can harshen aikin zai iya zama Tamashek ko Fulatanci ko Larabci.

Abu na biyu da Adar ke da shi shi ne kwamitin kula da makaranta. A jihar Tawa ne shirin Makaranta don Kowa, na hukumar JICA ta Japan, ya fara aiki a 2004. Ya kawo zaɓen shugabannin kwamitin, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar sirri, da taron gari inda ake tsara ayyukan shekara a kuma ba da bayanin kuɗin da aka kashe. Daga nan aka faɗaɗa tsarin zuwa Damagaram, sannan ƙasar baki ɗaya. Aiki irin wanda ake magana a kansa yana buƙatar fili daga mai gari, da aron diga da shebur, da dattijon da zai yarda yara su yi masa tambayoyi, da mai shayar da dashe lokacin hutu. Malamin da aka turo daga wata jiha ba zai iya samo waɗannan shi kaɗai ba. Kwamiti ne ke da bakin nema.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tushen karatu ya yi rauni. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke gab da kammala firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan uku cikin goma, ci gaba ne, amma mafi yawa suna baya. Ga shi kuma shekarar karatu gajera ce: azuzuwan zana ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, wasu yaran kuma suna gona har Nuwamba. Mai wannan suka yana cewa duk sa'ar da aka kashe a bayan gari an ɗebe ta ne daga koyon baƙaƙe. Gaskiyarsa tana da yawa. Shi ya sa bai dace a taɓa lokacin karatu da ƙirga na kullum a azuzuwan farko, CI da CP, ba, inda yaro ke buƙatar koyarwa kai tsaye, baƙi bayan baƙi. Aikin haɗaka na manyan azuzuwa ne, daga CE2 zuwa CM2, kuma ana iya ɗaukar lokacinsa daga sa'o'in APP da na kimiyya da labarin ƙasa da ke cikin jadawali tun asali. Yaron da ya iya haɗa baƙi amma ba ya fahimtar abin da ya karanta yana buƙatar rubutun da ya shafe shi, kuma labarin kakarsa da ɗan ajinsu ya rubuta yana cikin irin wannan rubutu.

Suka ta biyu daga iyaye take fitowa. Manomin da ya sa ɗansa lakol yana fatan ya zama malamin makaranta ko likita, kuma idan ya gan shi da hauya a lokacin karatu zai ce wannan ai a gida ma ana koya masa. Tarihi yana bayansa. A wurare da dama a Afirka lambun makaranta ya rikiɗe ya zama aikin gayya ko horon mai laifi, yara suna ban ruwa, ba mai tambayarsu lita nawa suka zuba. Darasin APP ya sha faɗawa wannan rami, ya koma shara da saƙar igiya ba tare da alaƙa da sauran darussa ba. Maganin a fili yake. Haƙar faƙo aikin manya ne, na yara shi ne awo da zane da lura da rubutu. Kowane mako na aikin ya bar shaida a littafin kowane yaro: lissafi, zane, sakin layi. A ƙarshe yaran su tsaya a taron gari su karanta rahotonsu. Uban da ya ji 'yarsa tana bayyana yawan ruwan da filin zai tare, da lambobi, da Hausar da yake ji, ba sai an lallashe shi ba.

Suka ta uku ita ce ta malamai. Yawancin masu koyarwa a firamaren Nijar 'yan kwantaragi ne, da dama ba su samu cikakken horo ba, ga aji cike da yara. Tsara aikin da zai ɗauki darussa huɗu ya fi bin littafi shafi bayan shafi wuya. Amsar tana cikin Tawa kanta. Makarantar horar da malamai ta Kaocen tana birnin, haka ma jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Waɗannan biyu za su iya rubuta ayyuka uku ko huɗu da aka gwada, kowane da matakansa na mako-mako da tambayoyin auna fahimta, a raba wa malamai a tarukan ƙara wa juna sani da suke yi a yankunansu. Sauyin manhaja da aka fara gwadawa a 2015, mai gina darasi a kan yanayin rayuwa da fara koyarwa da harshen gida, ya buɗe ƙofar. Kundin sake fasalin ƙasa da aka amince da shi a 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ƙara wa buƙatar littattafan aji da Hausa nauyi.

Akwai iyakar da ya kamata a faɗa. A sassan Tillia da Tassara rashin tsaro ya hana wasu makarantu aiki yadda ya kamata, kuma inda fita bayan gari ke da haɗari ba za a tura yara ba. Kalanda ma tana da nata hukunci. Makaranta tana rufe daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da ruwa ke sauka, har ranar dashen itatuwa ta 3 ga Agusta cikin hutu take faɗowa. Wannan ya sa tsarin da ya dace da Adar shi ne mai ƙetare shekara biyu: ajin CM1 ya auna ya zana daga Janairu, manya su haƙa a Maris da Afrilu, yara su reni iri a leda kafin a tashi hutu, kwamiti ya ɗauki nauyin dashe da karanta ma'aunin ruwan sama da damina. A Oktoba yaran su dawo a matsayin 'yan CM2, su ƙirga itatuwan da suka rayu, su fitar da kasonsu cikin ɗari, su kwatanta ciyawar cikin rabin wata da ta wajensa, su miƙa littafin awon ga ajin da ke biye da su.