Tarihin Abin da Muke Zubawa a Ƙoƙon Jibin Ubangiji

A ikilisiyoyinmu da yawa na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, abin da dattawa ke zubawa a ƙoƙon Jibin Ubangiji shi ne zobo ko wani jan lemon kwalba. Matasanmu da suka je karatu Zariya ko Jos sukan dawo da tambaya: don me Katolika ke shan tsimammen ruwan inabi a sujada, mu kuwa muna kiransa giya? Fasto ba zai amsa da gaskiya ba sai ya san tarihin ƙoƙon.

Masu tonon kayan tarihi sun sami tuluna da burbushin ruwan inabi a ƙasar Jojiya, na wajen shekara 6000 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya noman inabi ya kai Kan'ana da Masar. Jan launin daga ɓawon 'ya'yan yake fitowa, in an bar shi cikin ruwan yana tsima. Ɓawon ne kuma ke ba shi bauri irin na goro, shi ya sa yake dacewa da nama mai maiƙo. Abincin Idin Ƙetarewa kuwa gasasshen ɗan rago ne, da gurasa marar yisti, da ganyaye masu ɗaci (Fitowa 12:8). Littafin Mishna na Yahudawa, wanda aka harhaɗa wajen shekara 200 bayan haihuwar Almasihu, ya ambaci ƙoƙo huɗu na ruwan inabi a wannan idi, ana surka shi da ruwa.

Shin wanda Ubangiji ya ba almajiransa tsimamme ne? A ƙasar Yahudiya ana girbin inabi wajen Agusta da Satumba, idin kuwa sai Maris ko Afrilu. Ruwan inabi yakan fara tsima cikin 'yan kwanaki, kuma ajiye shi ɗanye har wata shida abu ne mai wuya. Bulus ma ya tsauta wa waɗansu da suka bugu a wurin Jibin (1 Korintiyawa 11:21). Wajen shekara 150, Jastin Shahidi ya bayyana cewa masu bi a Roma suna amfani da ruwan inabi da aka surka da ruwa. Wajen 253, Bishop Sifiriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta wasiƙa yana ƙin masu zuba ruwa zalla.

Canjin ya zo ne daga Amurka, lokacin da ikilisiyoyi suka tashi yaƙi da shaye-shaye. A 1869 wani likitan haƙori ɗan Methodist, Thomas Welch, ya bi hanyar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha, ya hana ruwan inabi tsima. 'Yan mishan na SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, sun fito daga ikilisiyoyin da wannan koyarwa ta yi ƙarfi. Da aikinsu ya shigo ƙasar Katsina a shekarun 1930, ya tarar da Maguzawa masu dafa burukutu da dawa. Ga iyayenmu da yawa, barin giya shi ne shaidar tuba da kowa ke gani. Gonakinmu kuma na auduga ne da masara da dawa, zobo yana bakin iyaka. Haka ƙoƙonmu ya zama abin da yake.

Saboda haka kada mu koyar da cewa Yesu bai sha tsimamme ba, domin tarihi zai ƙaryata mu a gaban matasanmu. Kada kuma mu kira 'yan'uwanmu Katolika mashaya. Hujjarmu ita ce ta Romawa 14:21: kada ɗan'uwan da ya rabu da burukutu ya yi tuntuɓe a teburin Ubangiji, kada kuma maƙwabtanmu Musulmi su sami abin zargi.

Amma mu tuna Ubangiji ya ambaci 'ya'yan inabi ne (Markus 14:25). Yanzu ana noman inabi a Kudan, kusa da Zariya. Inda za a sami ruwansa marar tsima, shi ya fi. Inda ba a samu ba, a dafa zobo da tsabta, ba citta ba abarba, kada ya zama kamar na biki, fasto kuma ya bayyana wa jama'a dalili.