Duba-gari da Ramin Maƙwabci

Mu da aka haifa bayan an rushe En'e ba mu riski duba-gari na ainihi ba, labarinsa muka taras a bakin tsofaffi. A Daura har gobe idan hira ta biyo ta kansa sai ka ga tsohuwa ta gyara zama. Za ta ba ka labarin yadda yaro zai sheƙo da gudu daga bakin lungu ya ce ga duba-gari nan, nan take gida ya kacame: wannan ta rarumi tsintsiya, waccan ta tuntsurar da ruwan da ya kwana biyu a randa, a nemo fasasshen kasko a kife a bakin masai. Da dariya ake ba da labarin, amma in ka kasa kunne za ka ji tsoron bai gama fita ba. Mutum ne mai kaki da littafi, abin da ya rubuta kuwa yana iya kai maigida gaban alƙali a ci shi tara.

Abin da ya tuno mana da shi rijiyar burtsatse ce da aka haƙa a gidan wani kawunmu. Da muka je ganin aiki sai muka auna da ƙafa: daga bakin bututun zuwa katanga taku bakwai ne, bayan katangar kuma sokawen maƙwabci ne. Muka ce, "Kawu, wa ya zaɓi nan wurin?" Ya ce, "Mai inji mana, ɗana. Nan ne motarsa ta iya shiga." Ruwa ya fito garau, aka yi hamdala, yaran unguwa suka jera jarkoki. Babu wanda ya nemi izini, babu kuma wanda ya san wurin wa ake nema.

In akwai garin da ya kamata zancen rijiya ya dame shi a ƙasar Hausa, to Daura ce, don tarihinta daga bakin rijiya ya faro. Kowa ya san labarin Kusugu: macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajida ya sauka cikin dare ya sare kansa, Daurama ta aure shi. Masana tarihi suna ta muhawara a kan asalin labarin, wannan nasu ne. Mu abin da muka tsinta a ciki shi ne hoton gari mai rijiya guda wadda idon kowa ke kanta, kuma wanda ya warware matsalarta sarauta ce ladarsa. Tun ran gini ran zane, harkar ruwa a Daura harkar fada ce.

Kafin zuwan Turawa ma ba a zaune ake kara zube ba. Duk wanda ya yi zaure ya san babin ruwa a littattafan fiƙihun Malikiyya, inda ake auna shi da abu uku: launi, ɗanɗano da wari. Malaman mazhabar sun kuma yi hukunci a kan maƙwabtaka dalla-dalla. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, kuma ƙa'idar a fili take: ba a barin mutum ya haƙa ramin ƙazanta inda zai ɓata rijiyar maƙwabcinsa. Sai dai wancan ma'auni na abu uku don tsarkin alwala aka kafa shi, kuma ido da harshe da hanci ne alƙalansa. Ƙwayar kwalara ko ta taifot ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa yana iya halatta alwala ya kuma kwantar da gida guda.

Turawa da suka zo, lafiyar kansu suka fara nema. Sauro ne babban abokin gabarsu, saboda zazzaɓin cizon sauro da shawara da suka riƙa yi musu ɗauki ɗai-ɗai a Afirka ta Yamma. Shi ya sa dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A wannan shekara aka fitar da dokar kiwon lafiyar jama'a, wadda ta ba jami'an tsafta ikon bincike da gurfanarwa. Yarbawa suka sa wa jami'in suna wole-wole, wato mai shiga gida-gida, mu kuma muka ce duba-gari. A Arewa aikin ya bi ta hannun En'e, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, kuma a 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano, inda En'o'i suka riƙa tura yaransu. A Daura kusan duk wannan zamani ya faɗo ne cikin sarautar mutum ɗaya, Sarki Abdurrahman, wanda ya hau a 1911 ya kuma yi shekara 55 a kan gado, har 1966.

Akwai wata tangarɗa da dokar Turawa ba ta hango ba, ita ce zaure. Namiji baƙo ba ya wuce shi ya shiga wurin matan aure, ko da kuwa kaki ne a jikinsa. Randa da masai da rijiyar gida kuwa duk a cikin gida suke. A birane irin su Kano sai da aka ɗauki mata aikin, su shiga su leƙa su fito su faɗa. Inda babu mata, aikin yakan tsaya a kasuwa da mahauta da kwatami da juji da kududdufi, wato abin da ke waje.

Bai kamata mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Duba-gari ɗan En'e ne, da duk abin da wannan suna ke ɗauke da shi a kunnen talaka. Tarar ta fi sauka a kan marar gata, gidan mai sarauta kuwa sai dai a gaishe shi daga ƙofa, kuma ba kowane littafi ne ya ƙi rufuwa ba in aka sunna wa mai shi 'yan sulalla ko kaza. Irin wannan danniya ta ma'aikatan En'e na cikin abin da ya ba NEPU kasuwa a shekarun 1950. Duk da haka akwai abu ɗaya da ya tsaya: a kowace unguwa an san akwai wanda aikinsa ne ya san inda masan kowa yake, kuma akwai wanda zai tambaye shi.

Wani abin da ya taimaki kakanninmu shi ne irin makewayinsu. Salga rami ne busasshe. Ruwan da ke shiga cikinta bai wuce na buta ba, akan kuma zuba toka don kashe wari. In ta cika a rufe ta da ƙasa a haƙa wata. Ƙazanta ba ta tafiya a ƙarƙashin ƙasa sai ta sami ruwan da zai ɗauke ta, saboda haka a rani salga ba ta cika yin nisa da ɓarnarta ba. Damina ce lokacin tashin hankali, sa'ad da ruwa ke cika ramuka ya kwaso abin da ke ciki ya gangara da shi rijiyoyin da ba su da dakali.

Yadda rami ke kashe mutane ta hanyar rijiya, a Landan aka fara kama shi dumu-dumu. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe sama da mutum 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana bin diddigin kowace gawa, sai ya ga yawancinsu a kewayen famfon titin Broad suke, abin da daga baya ya nuna da ɗigo a kan taswira. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Daga baya, da taimakon wani limamin coci, Henry Whitehead, aka gano an wanke ƙunzugun wata jaririya marar lafiya an zuba ruwan a ramin ƙazantar gida mai lamba 40, ramin da bai kai mita guda daga rijiyar ba. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan wannan famfo suke yi saboda daɗinsa.

Mu tamu kwalarar ta wannan zamani ta iso ne a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna a 1971. A 1991 an ƙirga sama da mutum 59,000 da suka kamu a Nijeriya, sama da 7,600 suka rasu. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, da mamata sama da 3,600, kuma Katsina da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Abin lura shi ne cutar ta zo daidai lokacin da tsohon tsarin ke sukurkucewa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa binne En'e. Aikin tsafta ya koma sakatariya, ya rabu da mai unguwa da dagaci, waɗanda su ne suka san lungu. Ƙasar Daura a yau ƙananan hukumomi biyar ce, Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, kuma tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowacce kula da bahaya da shara. A takarda aikin yana nan, ma'aikatan ma suna nan da sabon suna, jami'an lafiyar muhalli, har da majalisar da doka ta kafa musu a 2002.

Ɗan Daura ne ya yi yunƙuri mafi ƙarfi na dawo da tsoron duba-gari. Marigayi Muhammadu Buhari, yana shugaban soja, ya ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a Maris 1984, a Yulin 1985 kuma aka buɗe babin tsaftar muhalli a Kano, wanda ya bar mana gadon sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Da ya dawo a farar hula ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta a Nuwamban 2018, ya kuma sa hannu a umarni mai lamba 009 a 2019 don a daina bahaya a fili kafin ƙarshen 2025. Maƙwabciyarmu Jigawa ce ta fara samun wannan shaida a 2022. Duk wannan abin a yaba ne. Amma a lura, shara da bola da kashi a bakin hanya duk abubuwa ne da ido ke gani, kuma kirarin shirin shi ne kowane gida ya haƙa rami. Ina za a haƙa shi, wa zai duba ginin, wannan tambaya ba ta sami mai ita ba.

Ramin kuma ya sauya. Da kuɗin mai da siminti suka wadata, bayan gida na zamani ya fito daga gidajen bariki da asibitoci ya shiga unguwanni. Asalin tsarin, wanda wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, ya yi wa rajista a 1881, tanki ne shafaffe da ba ya yoyo. A cikinsa kauri ke kwantawa ya ruɓe, ruwan da ya tace ne kawai ke wucewa rami na biyu ya tsotse a ƙasa, tankin kuma a riƙa kwashe shi lokaci-lokaci. Abin da yawancinmu ke kira sokawe rami guda ne, an jera bulo da tazara, ƙasansa a buɗe. Magini har alfahari yake yi ya ce maka wannan ba zai taɓa cika ba. Gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take: abin da bai cika ramin ba wani wuri ya tafi. Kowane ja na ruwa lita da yawa ne, ga na wanka da wanki, rani da damina, a ƙasa mai yashi irin tamu da ke shanye ruwa kamar soso.

A gefe guda rijiya ta yawaita. Ruwan famfo, duk da madatsar Sabke, ba ya isa kowane lungu kowace rana, saboda haka mai hali ya haƙa tasa, marar hali ya saya wurin 'yan garuwa da ke ɗiba a ta mai hali. Burtsatse mai zurfi da aka gina daidai ta fi buɗaɗɗiyar rijiya aminci nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne a cike gefen bututun da siminti daga sama zuwa wasu mitoci, in ba haka ba ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya sauka kai tsaye. Wannan siminti yana cikin abin da ake fara tsallakewa in ana cinikin rage kuɗi, kuma da an rufe ƙasa babu mai sake ganinsa.

Yanzu sai lissafi. Ƙa'idar da ma'aikatan ruwa da tsafta ke bi a duniya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiya, ƙasan ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 a 100, kusan mita 15 ne a 30. Mai rabin fuloti kuwa 15 a 15 gare shi. Ke nan ko maigida ya fi kowa taka-tsantsan, ya kai raminsa kusurwar gabas, rijiyarsa kusurwar yamma, bai tsira ba, domin kusurwarsa ta yamma ita ce ta gabas ga maƙwabci. Babu gidan da zai iya warware wannan shi kaɗai. Sai wanda ke ganin unguwa gaba ɗaya.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, nan take zuciya ke raya mana cewa abin mai sauƙi ne: kowace waya tana nuna inda mutum yake tsaye, a ɗiga kowane rami da kowace rijiya a taswira kamar yadda Snow ya yi da alƙalami, na'ura ta ja jan layi duk inda tazara ta gaza. Rubuta wannan aikin mako guda ne. Amma waya ba ta wuce zaure. Sai an sami matan da za su shiga, da mai unguwar da zai yi musu sallama, da kwalbar gwajin ruwa, da hukumar da za ta iya ce wa attajiri dakata kafin injin ya fara huda ƙasa. Sai kuma a amsa wa talaka tambayarsa ta gaskiya: in an rufe rijiyar nan, ina zan sha?

Mun koma gidan kawu bayan sallah da 'yan ƙwayoyin sinadarin kulorin, muka roƙe shi a riƙa sa wa a tanki, a kuma tafasa na jarirai. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce shi dai tun da aka haƙa babu wanda ya yi ko ciwon kai. Muna fitowa muka tarar an sauke yashi da bulo a ƙofar gidan da ke ɗaya gefen. Sabon ango ne zai tare, ana shirin haƙa masa sokawe.