Ciwon sukari: yadda ake haɗa markaɗaɗɗen abin sha ba tare da madara ba

Idan zafi ya tsananta, jama'a kan koma ga abin sha mai sanyi: markaɗaɗɗen mangwaro da ayaba, kunun aya mai dabino, ko bisap da aka cika wa sukari. Mai ciwon sukari yakan ɗauka cewa tunda ƴaƴan itace ne, babu illa. Amma jini ba ya bambance zaƙin dabino da na sukarin kanti.

Abin da ke ɗaga sukarin jini

A cikin giram 100, mangwaro na ɗauke da kimanin giram 15 na sukari da sitaci, ayaba 23, dabino kusan 75, zuma fiye da 80. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da kimanin giram 12, ita kuwa madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne. Ke nan ayaba ɗaya da rabin mangwaro a kofin madara sun kai ƙwayar sukari takwas ko tara. Ga shi kuma abin sha ya fi saurin shiga jini a kan abin da aka tauna.

Abin da ya dace a markaɗa

Aboka, wanda a Najeriya ake kira piya, shi ne tushe: giram 100 nasa ba su wuce giram 9 ba, kuma yawancinsu harza ce da ba ta zama sukari. Kokwamba na da ƙasa da giram 4. Gujiya da riɗi suna kawo mai da furotin, waɗanda ke rage saurin hawan sukari. Madarar waken soya da aka tafasa sosai, ba a sa mata sukari ba, ita ke maye gurbin ta shanu. Aya kuwa, duk da yawanta a jihar Maradi, tana da sitaci da zaƙi, don haka sai a taƙaita.

Haɗin kofi ɗaya

Rabin aboka, rabin kokwamba da aka wanke, babban cokali ɗaya na tunkuza, kofi ɗaya na madarar soya, ƴar citta da ƙanƙara mai tsabta. A markaɗa, kada a tace, domin a cikin tuƙar amfanin yake. Wannan haɗin bai kai giram 15 na abin da ke zama sukari a jini ba. Mai son lemun tsami sai ya sa ruwa a maimakon madarar, in ba haka ba za ta tsinke kamar ta awara.

A yi hattara

Wannan abinci ne, ba magani ba, kuma ba dalili ne na daina shan ƙwayoyin likita ba. Mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamid, idan ya rage sitaci kwatsam, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70 a lita, da rawar jiki, gumi da jiri. A lokacin sai ya sha ƙwayar sukari uku nan take. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya saba da aboka, saboda sinadarin fotasiyom da ke cikinsa.

Jiki da jiki akwai bambanci. Mai na'urar awo ya duba jininsa kafin sha, ya sake dubawa bayan awa biyu, ya rubuta, ya nuna wa likitansa ranar komawa asibiti.