Yatate: Yadda Ake Gane Shekarun Kurtun Matafiyan Japan

Kafin alƙalami mai ɗauke da tawadarsa ya isa Japan a ƙarshen ƙarni na 19, fatake da malamai da matafiya suna soke wani ɗan ƙarfe a ɗamararsu mai suna yatate. Bututu ne da ake zura burushin rubutu a ciki, a bakinsa kuma akwai ƙaramin kurtu mai murfi, cike da auduga ko alharini da aka jiƙa da tawada don kada ta zube. Sunan ya samo asali ne daga kwarin kibau, inda mayaƙan dā suke ajiye dutsen niƙa tawada. Mawaƙi Matsuo Basho ya ambaci yatate a farkon labarin tafiyar da ya fara a 1689.

Mai son sanin shekarun yatate yakan fara da siffarsa. Mafi daɗewa shi ne mai kamar naɗaɗɗen mafici, wanda ake dangantawa da zamanin Kamakura, daga 1185 zuwa 1333. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, mai kamar ludayi ya yi fice, domin kurtunsa ya fi ɗaukar tawada, kuma yana hana bututun sulɓewa daga ɗamara. Daga baya aka raba kurtun da bututun, aka haɗa su da igiya ko sarƙa.

Sai dai siffa tana nuna lokacin da aka fara wani salo ne kawai, ba ranar da aka ƙera abin da ke hannu ba. Maƙera sun ci gaba da yin tsofaffin siffofi, don haka mai kamar mafici yana iya zama aikin ƙarni na 19. A nan ne masu saye suke yin asara.

Ƙarfen da adon su ne shaida ta biyu. Yatate na yau da kullum na tagulla ne ko jan ƙarfe. Masu tsada kuwa ana yi musu ado da shakudo, wato jan ƙarfe da aka gauraya da zinariya kaɗan, ko shibuichi, wanda ake gaurayawa da azurfa. Da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a 1876, maƙeran adon takubba da dama sun koma ƙera kayan ƙawa, har da na sayar wa baƙi. Saboda haka yawan ado ba ya nufin tsufa.

Shaida ta uku ita ce alamar aiki: busasshiyar tawada a cikin kurtu, mahaɗin murfi da ya saki, da gefen da hannu ya goge har ya yi santsi. Sunan maƙeri da aka zana a jiki yana taimakawa, amma ana iya ƙara shi daga baya. Ana amincewa da shekarun yatate ne idan siffa da ƙarfe da alamar aiki suka yi daidai da juna.