Ashleigh Johnson da Ruwan da Aka Hana Baƙar Fata

Idan damina ta cika kududdufi a Tsaskiya, yaro ba ya neman izinin kowa kafin ya faɗa iyo. A Amurka kuwa an daɗe ana duba launin fata kafin a bar mutum ya shiga ruwa. A watan Yunin 1964, a garin St. Augustine na jihar Fulorida, manajan wani otal ya kwarara asid cikin tafkin wanka domin ya kori baƙaƙen fatar da suka shiga tare da Turawa.

Bayan shekara 30, a wannan jiha, aka haifi Ashleigh Johnson. Ta taso tana wasan ƙwallon ruwa, wanda ake yi bakwai-bakwai cikin ruwa mai zurfi, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ana jefa ƙwallo a raga da hannu. Aikinta tsaron raga.

A 2016 ta zama baƙar mace ta farko da ta wakilci Amurka a wannan wasa a gasar Olamfik. A Rio suka doke Italiya 12 da 5 a wasan ƙarshe. A Tokyo, cikin 2021, suka lallasa Sifaniya 14 da 5. Zinare biyu ke nan. Amma ba kullum ake kwana a gado ba: a Faris, 2024, na huɗu suka zo.

Me ya sa aka jira shekara 52? Doka ta haramta wariya tun 1964, sai dai iyayen da aka hana koyon iyo ba su da abin da za su koya wa 'ya'yansu. Tabon ya fi dokar daɗewa.